Ba Kowace Shara Ce Ta Juji Ba

Dattawan da suka yi wayo a zamanin En'e ba su manta da duba-gari ba. Ran da aka ce ga shi nan tafe, sai ka ga unguwa ta kiɗime, mata na tuntsurar da ruwan randa, yara na share ƙofar gida, maigida na leƙa masai. In ya buɗe tulu ya ga tsutsar sauro, to, sai sammaci. Amma fa abin da ya ke nema a wancan lokaci abu ne da ido ke gani, hanci kuma ke ji. Sharar gida ba ta wuce toka da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da fasasshiyar ƙwarya ba, in an jibge ta a juji damina ɗaya ta isa ta mai da ita taki. An soke En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka gaje ta, suka gaji aikin tsabtar gari. Sai dai sharar da suka gada ta riga ta sake hali, mu kuwa har yanzu riƙon da kakanninmu suka yi wa toka mu ke yi mata.

Ku malaman ofis da malaman makaranta, ku zagaya gidajenku da kanku ku gani. Ƙarƙashin gado akwai kwalbar fiya-fiya. Bayan ƙofa akwai shinkafar ɓera a ƙunshin takarda. A zaure ga jarkar maganin feshi da ta rage tun damina, ga mataccen batir na mota ko na sola a kusurwa, yara na zama a kai. A kan taga ga ragowar ƙwayoyin magani da wa'adinsu ya wuce tun bara waccan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙasa ke cinyewa ta mai da shi taki. Kuma babu ɗaya da mu ke kira shara, gama mu mutane ne da ba mu saba yar da abu ba. Wannan hali na tattali abin yabo ne a wurare da yawa, amma a nan shi ne ƙofar ɓarna.

Ɗauki jarkar maganin feshi. Manomi ya gama feshi, ya ga jarka lafiyayya mai murfi, ya ce haba, wannan ai dukiya ce. Uwargida ta ɗauraye da sabulu, ta zuba man gyaɗa, ko ta cika ta da ruwa yaro ya kai gona. Ba ta san roba na shan magani ba, kuma ɗauraya ba ta mai da ita mazubin abinci. In kuwa an jefar da ita a bola, ɗan jari-bola ya tsinta ya kai kasuwa, gobe ka gan ta gaban mai kunu ko mai zoɓo, ba wanda ya san inda ta fito. Kada wani ya ce wannan sakarcin ƙauye ne. A 1988, sa'ad da aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda ke cikin Jihar Delta ta yanzu, an tarar wasu mutanen garin sun zazzage ganguna sun kai gida suna tara ruwa a ciki. Abin ya girgiza ƙasa, har Gwamnati ta yi doka a shekarar, mai ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da irin wannan kaya. Dokar ta tsare bakin teku. Jarkar da ke zaurenka kuwa, kai ne za ka tsare.

To, ƙaƙa za a gane mai guba? Ba wuya ga wanda ya iya karatu, har ma ga wanda bai iya ba in an nuna masa sau ɗaya. Maganin ƙwari na gaskiya ya kan zo da ɗamara mai launi a gindin takardar da ke jikinsa. Ja ita ce mafi haɗari, sau da yawa tare da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Rawaya na biye da ita, sa'an nan shuɗiya, sa'an nan koriya, wadda ita ce mai dama-dama, ko da ya ke ita ma ba abin sha ba ce. Hoton harshen wuta na nufin abin na kamawa. Hoton ɗigo na zuba a kan hannu na nufin yana cin fata. Kwalbar da ba takarda a jikinta sam, irin wadda a ke ɗura wa fiya-fiya a sayar a tasha, ita ce ta fi kowace muni, domin ko likita bai san abin da zai yi yaƙi da shi ba. Yawancin fiya-fiyar nan maganin gona ne mai suna dichlorvos aka tsiyaye a ƙananan kwalabe. Shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, shi ne kuma cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Abin da Turawa suka ƙi a cikin wake, shi mu ke yayyafawa a ɗakin da jariri ke barci, mu rufe ƙofa.

Tun da an ambaci wake, bari mu faɗi wannan. Ƙwayar nan da a ke jefawa a buhun hatsi don kashe ƙwaro, da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa. Buhun da aka sa mata ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ba ya ma kwana a ɗakin da ke manne da na mutane. Mai son ajiyar wake ba tare da magani ba, akwai buhu mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007. In an ɗaure shi tam, ƙwaron na mutuwa don rashin iska.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dalma, domin ita ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta kuma kashewa nan take a ce ga abin da ya jawo. Mutanen Zamfara sun san wannan da hawaye. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma, ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Ashe duwatsun zinariya ne a ke kawowa cikin gida a daka a niƙa, ƙurarsu kuwa cike ta ke da dalma, yara na rarrafe a kai suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka rasu. Ba a sami kan abin ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe aka binne a nesa, aka zuba sabuwa. Mai karatu zai ce, to ni ina ruwana, ba na haƙar zinariya. Ga naka. A Thiaroye, wata unguwa a gefen birnin Dakar ta ƙasar Senigal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma can ba ma'adini ko ɗaya. Tsofaffin batura na mota a ke fasawa a unguwar shekara da shekaru, har ƙasar wurin ta cika da dalma, mata suka riƙa tankaɗe ta a gida suna sayar da abin da suka samu. Batir ɗin da ke zaurenka irinsu ne. Yanzu da sola ta shiga gidaje da masallatai da shaguna, matattun batura sai ƙaruwa su ke yi, kuma kowa ya san abin da mai saye ya kan fara yi: ya kifar da ruwan batir a lambatu don kaya su yi sauƙi, ya sa gatari ya fasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba kome. Kaɗan ɗin da ba ta kashe shi ba tana dakushe masa ƙwaƙwalwa. Malamin da ke dukan yaro don ya kasa haddace jadawalin lissafi, ya dace wani lokaci ya tambayi sana'ar da a ke yi a gidansu.

Malaman makaranta, akwai naku laifin, kada ku ji haushi. Al'adar nan ta aika yara su tsinto tsohon batir na tocila, su fasa, su goga baƙin a jikin allo, ta isa haka. Gaskiya ne bai kai na mota haɗari ba, amma ƙullun cikinsa na cin fata da ido, kuma kun koya wa yaro da hannunku cewa batir abin fasawa ne. Gawayi da ɗanyen ganye sun daɗe suna baƙanta allo. Ku kuma gaya musu ɗan ƙaramin batir mai kamar maɓalli, na agogo da na kayan wasa, in ƙaninsu ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Ba a jira a ga ko zai fito, asibiti a ke nufa.

Ga kananzir kuma. Wane gida ne ba a taɓa zuba shi a kwalbar lemo ba? Yaro mai ƙishirwa ya ga kwalbar da ya sani, ya kafa kai. Nan da nan sai a ɗura masa manja, a sa masa yatsa a baki ya yi amai. Wannan taimako shi ke ƙarasa shi, domin haɗarin kananzir a huhu ya ke, amai kuwa hanya ce ta kai shi can. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa kome. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu, a ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar abin da ya sha. Haka a ke yi in maganin ƙwari ne.

Yanzu ina za a kai waɗannan kaya? Ba a wuta ba, domin hayaƙin jarkar magani guba ne, gwangwanin feshi kuma fashewa ya ke yi ko ya ƙare. Ba a rijiya ko kududdufi ko lambatu ba. Ba kuma a juji ba, gama kun san takin juji gona a ke kai shi, a jaki ko a mota, musamman a karkarar Kano, abin da ka jefar a birni ya dawo maka cikin alayyafo. Jarkar feshi a ɗauraye ta sau uku tun a gona, kowane ruwan ɗauraya a juye shi cikin famfon feshi a fesa a inda aka yi aikin, sa'an nan a huda gindinta da ƙusa don kada kowa ya ƙara sha'awarta. Batir a miƙa shi cikakke, a tsaye, da ruwansa, ga dillalin da ke karɓar tsoho in za a sayi sabo. Baƙin mai a tara a galan mai murfi a mayar wa makanike, a daina zuba shi a masai. Ragowar magani a kai wa ma'aikacin asibiti, allura kuwa a tara ta a kwalba mai kauri. Dogon ƙwan lantarki akwai zaiba a cikinsa. In ya fashe a buɗe taga a fita na ɗan lokaci, a kwashe da kwali maimakon tsintsiya.

Mun sani za a ce, to an huda jarkar, sai kuma me? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne hukuma ba ta da bakin magana tukuna. A yawancin garuruwanmu babu wurin da talaka zai kai irin wannan kaya a karɓa. Ba adalci ba ne a hana mutum ƙonawa da binnewa da jefarwa, sa'an nan a bar shi riƙe da abu a hannu. Abin da mu ke roƙo bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba: ɗaki ɗaya mai rufi da daɓen siminti da kwaɗo, nesa da rijiya da makaranta, a hannun sashen lafiya, a sa rana ɗaya a wata ta karɓar kaya, mai unguwa ya sa a yi shela. Masu sayar da maganin feshi a ɗora musu karɓar jarkokinsu, tun da su suka ci ribar. Abin da ya taru kuma kada ya shekara a nan, a rubuta wa hukumar kula da muhalli ta jiha da NESREA, wadda aka kafa a 2007 don irin wannan aiki, su zo su kwashe. Ɗakin da aka cika aka manta da shi ya fi rashinsa haɗari, saboda haka dole a sami akawu guda mai littafi, ya rubuta abin da ya shigo da ranar da ya fita, shugaban sashe ya sa hannu.

Wannan takarda ta neman ɗaki, ɗaya daga cikinku ne zai rubuta ta, ya sa ta a fayil, ya bi ta tebur tebur har ta shiga kasafin baɗi. Kafin nan, kowane hedimasta ya nemi malamin gona na gundumarsa ya zo da hudaddun jarkoki huɗu, ja da rawaya da shuɗiya da koriya, ya nuna wa yara a filin taron safe kafin damina ta faɗi a fara feshi.