Kafin a cire wa Inna haƙori, a duba kwalin maganinta

A gidajenmu na Illela, duk wanda ya shiga makarantar gaba da sakandare ya zama mai karanta kwalin magani, ko da ilimin gini yake karantawa. Ka je hutu, Inna ta miƙo maka leda ta ce duba mini wannan, sau nawa ake sha? Tunda an ɗora mana wannan aiki, ni ina ganin wajibi ne mu san abu guda da ba kasafai ake faɗa wa iyayenmu ba: akwai magungunan ƙarfafa ƙashi da ba sa jituwa da cire haƙori.

Ba ƙwayar kalsiyam ko bitamin D nake nufi ba, waɗannan ba su da wannan matsala. Ina nufin irin su alendronate, wanda ake sha sau ɗaya a mako da safe da cikakken kofin ruwa, a ce kada mutum ya kwanta sai bayan minti 30. Akwai zoledronic acid da ake bayarwa ta ƙarin ruwa, da allurar denosumab ta wata shida-shida. Ana rubuta su ga mai zaizayar ƙashi, musamman matan da suka daina al'ada, da kuma masu ciwon daji da ya kai ga ƙashi. Magunguna ne masu amfani ƙwarai. Tsohuwar da ƙugunta ya karye ba kowace ke sake miƙewa ba, su kuwa suna rage wannan haɗari.

Ƙashi yana raye, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Aikin maganin shi ne taka wa masu rushewar birki. To amma idan an cire haƙori, ramin da ya bari ba ya cikewa sai da wannan rushe-da-gina ɗin, ga baki cike da ƙwayoyin cuta, ga dasashi siriri. A wasu mutane sai ramin ya ƙi rufewa, wani sashe na ƙashin muƙamuƙi ya mutu ya fito fili, da wari da mugunya. Wani likitan tiyatar baki a Amurka, Robert Marx, shi ya ja hankalin duniya a 2003 da rahoton mutum 36 da ya gani da wannan ciwo. Likitoci na kiransa da sunansa idan ƙashin ya wuce mako 8 a buɗe bai warke ba.

Kada wani ya ɗauki wannan ya je ya tsorata mahaifiyarsa. Ga mai shan ƙwaya saboda zaizayar ƙashi abin ba ya yawan faruwa. Ya fi samun masu ciwon daji da ake wa ƙarin ruwa akai-akai, da wanda ya shekara da shekaru yana sha, da mai ciwon suga, mai shan taba, ko mai haɗawa da irin su prednisolone da dexamethasone. Su waɗannan biyun ma, da wasu 'yan matanmu ke sha don a yi ƙiba, suna cinye ƙashi da kansu, amma wannan maganar wata rana ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jinya a bakin iyaka. Mutum ya ga likitan ƙashi a Sakkwato, ya sayi magani a Ƙonni don ya fi sauƙi, kwalin da Faransanci an rubuta acide alendronique, sannan haƙori ya yi ciwo ranar kasuwa a kai shi wurin wanzami ko mai cire haƙori na kan tabarma. Cikin mutum ukun nan babu wanda ya san abin da ɗan uwansa ya yi. Mai filaya ba zai tambayi wane magani kike sha ba, Hajiya. Ko ya tambaya, amsar da zai samu ita ce "na ciwon ƙafa ne", don a bakinmu komai maganin sanyin ƙashi ne.

Wani zai ce ai likitan haƙori a Sakkwato yake, ga kuɗin mota, ga layi. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan uzuri. Amma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, kuma tafiya ɗaya kafin a fara maganin ta fi goma bayan ƙashi ya mutu. Lokacin ne ake cire wanda ya ruɓe, a cike mai rami, a gyara haƙoran roba idan suna gurzar dasashi, a bar bakin ya warke sannan a fara sha. Wanda ya riga ya fara kuwa, sai ya riƙe aswaki da burushi da makilin safe da dare, ya kuma tafi da kwalin a hannu duk ranar da zai ga likitan haƙori. Sau da yawa ana iya ceto haƙorin ta hanyar wanke saiwarsa maimakon cirewa.

Dabarar "to bari ta daina sha na mako biyu sai a cire" ba ta aiki yadda muke zato. Alendronate na zama cikin ƙashi shekaru bayan an daina, don haka ko wadda ta bari tun bara sai ta faɗa. Denosumab kuma idan an tsallake allurarsa haka kawai, ƙashin baya na iya tsagewa. Likitan da ya rubuta ne kaɗai zai yanke wannan hukunci.

Idan an riga an cire, ka lura da bakin Inna: ramin da ya ƙi rufewa, leɓen ƙasa ya yi dindiris kamar ba nata ba, haƙora na girgiɗa, ko harshenta na taɓa wani abu mai kaushi kamar tsakuwa. Wannan ba na kurkure baki da ruwan gishiri ba ne, na shiga motar Sakkwato ne da ledar maganin gaba ɗaya.