Mai Rubuta Manhaja Ba Ya Sauke Karatu

Tun da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin nan na 3MTT a shekarar 2023, da nufin horar da 'yan Nijeriya miliyan uku a fannin fasahar zamani, da wuya ka shiga unguwa a manyan garuruwanmu ka rasa saurayi ko budurwa mai koyon rubuta manhaja, watau jerin umarnin da a ke tsara wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki. Wannan abin farin ciki ne. Amma da yawa daga cikinsu, har da iyayen da suka sayar da akuya ko hatsi suka saya musu kwamfuta, suna zaton in an yi wata uku ko shida an karɓi takardar shaida, shi ke nan an sauke karatu, sai jiran albashi. To, sana'ar ba haka ta ke ba, kuma gara su ji tun da wuri.

Bari mu duba yadda yinin ma'aikacin ya ke tafiya. A kamfanoni da yawa, da safe abokan aiki kan yi ɗan taro na kamar minti 15, a tsaye, don kada wani ya sami wurin zama ya tsawaita zance. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Daga nan mutum ya ɗauki aikin da aka ba shi. Ba kasafai a kan ce masa ya gina sabon abu ba. Abin da ya fi yawa shi ne irin wannan: wani ya aika da kuɗi ta waya, an cire daga asusunsa, amma ba su isa ba, a nemo dalili. Sai ya buɗe rubutun da wani ya yi shekara biyar da suka wuce, mai shi kuwa watakila ya daɗe da barin kamfanin, ya yi ta binsa layi layi kamar mai bin sawun ɓatacciyar tunkiya. Ya kan share awa huɗu yana karatu, alhali gyaran bai wuce layi biyu ba.

In ya gama, ba shi da ikon ya saki gyaran ga jama'a shi kaɗai. Sai ya shigar da shi cikin Git, wata manhaja da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, wadda ke ajiye kowane canji tare da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Sa'an nan wani abokin aiki ya duba, ya mayar masa da shi da tambayoyi: me ya sa ka bi nan, in lambar ta zo babu kome a ciki fa? A ganina nan ne ainihin makarantar wannan sana'a. Wanda ya ke jin an ci masa mutunci in an yi masa gyara ba zai yi nisa ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani zai ce wannan bin diddigi ya yi yawa. To, ga misali. Ran 4 ga Yuni, 1996, Turawa suka harba sabon rokansu mai suna Ariane 5, bai fi daƙiƙa 40 da tashi ba ya tarwatse a sama. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗauko wani sashe na manhajar tsohon roka, Ariane 4, an sa a sabon. Rubutun daidai ya ke ga tsohon, amma tafiyar sabon ta bambanta, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, na'urar da ke nuna wa rokan hanya ta tsaya. Ba rashin iya rubutu ne ya jawo hasarar ba, rashin komawa kan tsohon rubutu ne a tambayi a kan wane zato aka yi shi.

Bayan wannan kuma, kayan aikin kansu ba su zama wuri ɗaya. Harshen kwamfuta da a ke kira Python, wanda yawancin masu koyo ke farawa da shi, an fito da sabon zubinsa na 3 a 2008, aka daina kula da na 2 ran 1 ga Janairu, 2020, ya zama tilas a juye tulin tsofaffin rubuce-rubuce. Kamfanin Adobe ma ya rufe Flash a ƙarshen 2020, bayan mutane da yawa sun yi shekaru suna cin abinci da shi. In kiɗi ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yaushe ne ma'aikaci zai koyi sabuwar rawar? Galibi da dare ne, bayan an tashi aiki, ko ran Asabar, a ƙasarmu kuwa sai an haɗa da neman wutar lantarki da kuɗin data.

Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Ikko a 2014 don horar da matasan Afirka su yi wa kamfanonin waje aiki, ya sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda cikin Satumba, 2019. Dalilin da ya bayar shi ne masu ba shi aiki ƙwararru su ke nema. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamba, 2022, abin ya ƙara tsanani ga mai farawa, domin na'ura kan rubuta cikin daƙiƙa abin da ɗan koyo zai yini yana yi. Sai dai ta kan yi kuskure ba tare da ta ji kunya ba, lalle sai an sami mai karantawa ya gane inda ta kauce.

Kada kuma a ɗauka duk tsohon sani shara ne. Harshen COBOL tun 1959 aka tsara shi. A watan Afrilu, 2020, lokacin annobar korona, Gwamnan Jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito fili yana cigiyar waɗanda suka iya shi, saboda na'urorin biyan marasa aikin yi, masu shekara 40 da 'yan kai, sun kasa ɗaukar yawan masu nema. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Saboda haka ina kira ga masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatun gwamnati da ke ɗaukar waɗannan matasa, su ware musu lokacin karatu a cikin sa'o'in aiki, ko da yammacin rana ɗaya ne a mako, su kuma daina barin yaro guda shi kaɗai da manhajar ofis gaba ɗaya, babu mai duba masa. Kai kuma saurayi, ran da aka kira ka ganawar ɗaukar aiki, bayan ka tambayi nawa ne albashin, ka tambaya wane ne zai riƙa karanta rubutunka, shekara nawa kuma ya yi a sana'ar.