Bangon Kanti da Tufar da Ke Cikinsa

Wanda ya bi titunan Barnawa ko Narayi a 'yan shekarun nan zai lura da wani salo da kantunan tufafi masu tsada suka ɗauka: bango fari fat, madubi daga ƙasa har rufi, fitilu ruwan zinare, sai wani zane mai layuka da murabba'ai a rataye, wanda sau da yawa daga intanet aka ciro shi. Masu kantin kan kira wannan fasahar zamani.

Ba aibi ba ne mai sayar da shadda da leshi ya ɗauki darasi daga zanen zamani. Yves Saint Laurent ya yi haka a 1965, sa'ad da ya ɗora layukan Mondrian a kan riga. Sai dai shi narkar da zanen ya yi har ya koma ɗinki, alhali a nan rataye shi kawai ake yi, kamar kalandar bara.

Abin mamaki, ba sai an je Faransa neman hanyar ba. A Zariya, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta yi kira da a haɗa dabarar Turai da siffofin gida. Nwoko ya kai ra'ayin cikin gine-gine, har aka ba shi lambar girmamawa a Venis a 2023. Siffofin da mai ƙawata kanti zai yi aiki da su a ƙasar Hausa kuwa ba su ɓuya ba. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga zane ne da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba, kuma ya riga Mondrian zuwa duniya. Haka dagi, haka bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya. Ba ana nufin a manna dagi a ƙofa a ce an yi gargajiya ba. Wannan ma kwafi ne. A ɗauki tsinin aska ya zama tsarin kantoci, lanƙwasar baka ta raba sashen maza da na mata.

Zaure ma yana da abin koyarwa. Hikimarsa ita ce baƙo ya shigo ba tare da idonsa ya faɗa cikin gida ba. Kantin da ya sa ɗakin gwaji daura da gilashin titi ya manta cewa amaryar da ta zo awo tare da gwaggonta ba kallo ta zo bayarwa ba. Farin bango kuwa hunturu ɗaya ya ishe shi, yayin da ja-ja irin na makuba ke haɗiye ƙura, ya kuma fito da shuɗin rini. Fitila mai rawaya tana yi wa launi ƙarya, mai saye ya fita rana ya tarar da shaddar da ba ita ya zaɓa ba.

Akwai kuma Kakuri. A nan masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya, dubban ma'aikata suka cika unguwannin tsallaken kogi. Masaƙun sun durƙushe, galibin yadin da ke kantunan Barnawa a yau daga waje ake shigo da shi. Amma atamfar da aka buga a Kakuri tana nan a akwatunan iyaye mata, kuma zanenta aikin zamani ne da aka yi a Kaduna. Turmi ɗaya daga cikinta, a shimfiɗe a bango da haske mai kyau, zai fi kowane kwafin Mondrian tsayar da mai wucewa.