Mu Kula Da Hanyar Keke Kafin Damina

A tarurrukanmu muna yawan zancen taki da iri da rance, amma da wuya a ji wani ya tashi ya yi maganar hanyar da za a bi a kai amfanin gona kasuwa. Ra'ayina shi ne, kowace jam'iyya a Gumbin Kure da sauran ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama ta ɗauki 'yan hanyoyin keke a matsayin aikinta, kamar yadda ta ɗauki rumbun jam'iyya.

Ga dalili. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta wuce naira 1,000 a 2024. Kuɗin babur da na mota suka bi ta. Mutane da yawa suka sauko da tsohon keken da suka rataye a zaure. Amma da suka hau, sai suka tarar hanyoyin da iyayenmu suka bi da Raleigh sun lalace. Wani ya ci rabin hanya da garma domin ƙarin kunya biyu. Wani wuri kwazazzabo ya yanke ta. Wani wuri kuma ƙaya ta rufe ta. Manomin da ya sha wahalar ban ruwa wata uku, idan ya kasa kai albasarsa Aliero da kansa, tilas ya sayar wa dillali a bakin gona a kan abin da aka ga dama.

Akwai abin koyi daga nesa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin shekarun 1970, wasu samari suka soma gyara tsofaffin kekuna suna hawa da gangarowa kan tsaunuka. Daga nan aka sami keken hawan dutse, mai faɗin taya da giya da yawa, irin wanda na hannunsa ya cika kasuwanninmu yanzu. Da aka soma rufe musu hanyoyi, sai suka kafa ƙungiya a 1988. Suna zana taswirar kowace hanya, suna kafa alamu, suna fita aikin gayya su gyara ta, suna kuma zama da masu ƙasa a daidaita. Su fa wasa suke yi. Mu da abincinmu ya rataya a kan hanya, me ya hana mu?

Mu ba mu da tsaunuka irin na ƙasar Zuru, amma muna da rairayi mai riƙe taya, da marmara mai cin ta, da lakar fadamar Gulbin Zamfara. Saboda haka ga shawara huɗu.

Na fari, a san hanyoyin. A tara dattawa da maharba da masu tallar keke, a ce su zana a ƙasa, sa'an nan malamin makaranta ko ɗan bishara ya kwafe a babbar takarda. A nuna hanyar rani dabam, ta damina dabam, da inda ake haye rafi, da inda akwai rijiya, da ƙauyen da yake da mai faci. A manna ta a ɗakin jam'iyya. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a Jihar Kebbi, ta isa ta koya mana cewa ƙauyen da ya san hanya ɗaya tak yana cikin haɗari.

Na biyu, a je wurin mai gari a tsai da faɗin hanya. Mizani mai sauƙi shi ne, keke mai buhu ya gitta amalanken shanu ba tare da an taka shuka ba. Kada a yi wannan zama ba maƙwabtanmu Musulmi, kada kuma a manta da Fulani, gama wanda ya ci burtali shi ne yakan ci hanyar keke. Hanya ba ta tambayar addinin mai tafiya.

Na uku, a sa ranar gayya a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka. A sare ƙaya a ƙone ta nesa da hanya. A zuba marmara inda rairayi ya yi zurfi. Inda hanya ta gangara, a yanka 'yan magudanai a karkace domin ruwa ya fita gefe, gama ruwan da ya bi tsakiyar hanya shi ne yake zama kwazazzabo bayan damina biyu ko uku.

Na huɗu, jam'iyya ta ajiye akwatin gyara: famfo, faci, sholisho, sifana, man giris da sarƙa. A koya wa matasa biyu gyara, har da mace in an samu. Mai sayen keke kuma ya tambayi bakanike tukuna. Keke mai giya yana da daɗi a rairayi da hawa, amma idan giyar ta lalace babu kayanta a Jega, ya zama kayan ado. Don ɗaukar buhu, keke mai ƙarfin kariya da wayoyin ƙafa masu kauri ya fi.

Na san wani zai ce gyaran hanya aikin ƙaramar hukuma ne. Gaskiya ne game da titi da gada, kuma mu ci gaba da rubuta musu. Amma babu hukumar da za ta aiko da girada saboda hanyar gonarka. Wani kuma zai ce zamanin keke ya wuce. To, hanyar da aka gyara wa keke ita ce babur zai bi da mace mai naƙuda da tsakar dare, ita ce kuma za a bi da wanda ya karye zuwa wurin masu ɗori a Aliero.

Ku duba Nehemiya sura 3. Da za a gyara garun Urushalima, mutane da yawa sun kama wurin da yake daura da gidajensu, aka kuwa gama cikin kwana 52. Haka za mu yi: kowa ya ɗauki hanyar da ta bi ta bakin gonarsa. Shugabannin jam'iyyu, ku sa wannan magana a taronku na gaba, ku aiko mana da labarin abin da kuka shirya. Allah ya ba mu damina mai albarka.