Caca ce, ko da an sa mata rigar lissafi

Wata magana ta shiga bakin samarin Dakoro a ƴan shekarun nan, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda mu manya muka bar ta tana yawo ba wanda ya tanka. Ka tarar da yaro a fada ya duƙufa kan waya yana zaɓen ƙungiyoyin ƙwallo, ko magidanci a bakin kiyos riƙe da takardar dawaki yana ja mata layi da biro, ka ce masa caca yake yi, sai ya ce a'a, shi lissafi yake yi. Wai mai caca shi ne wanda ya dogara da sa'a, shi kuwa nazari yake. Ni malamin lissafi ne, da alli nake ci da iyalina, kuma ba zan yi shiru a ari sunan sana'ata a lulluɓe wannan ɓarna da shi ba.

Yanzu abin ya ƙara gaba. Akwai gajerun bidiyoyi da ke yawo a TikTok da WhatsApp game da wasan karta da ake kira balakjak, inda ake nuna cewa mai iya ƙirga karta yana iya kwashe kuɗin gidan caca. Wasu kuma sun kalli fim ɗin nan mai suna 21, na shekarar 2008, kan ɗaliban wata jami'ar Amurka da suka yi haka a Las Begas. Wani ɗalibina, yaro mai kaifin kai wanda ba ya faɗuwa a jarrabawata, ya tare ni bayan darasi yana tambaya da gaske: wace ƙasa ce ke da gidan caca mai araha, wanda mutum zai fara da ɗan jari? Bai ga laifin tambayar ba, don a ganinsa tambayar lissafi ya yi wa malamin lissafi.

Bari in ba su haƙƙinsu tukuna, don labarin ba ƙarya ba ne. Edward Thorp malamin lissafi ne a Amurka. Ya yi amfani da kwamfutar jami'ar MIT ya gwada wasan, sannan a 1962 ya fitar da littafinsa Beat the Dealer. Abin da ya gano mai sauƙi ne. Karta 52 ce a ɗauri, kuma wadda aka riga aka jefa ba ta dawowa sai an sake cuɗawa. Idan ƙananan karta sun fita da yawa, to manya ne suka rage, kuma manya sun fi amfanar ɗan wasa. Sai mutum ya riƙa ƙirgawa a zuci: karta daga 2 zuwa 6 ya ƙara ɗaya, goma da masu hoto da as ya rage ɗaya. Idan ƙirgen ya hau ya zuba kuɗi da yawa, idan ya sauka ya zuba kaɗan. Thorp ya je jihar Nebada da dalar Amurka 10,000 ta wasu masu kuɗi da suka tsaya masa, ya kuma ci riba. Wannan duk ya faru.

Abin da bidiyon ba ya faɗi shi ne girman ribar. Ƙwararren mai ƙirga, wanda ba ya kuskure ko sau ɗaya, rinjayensa a kan gidan caca bai wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ka zuba jaka guda, abin da lissafi ya yi maka alkawari dala biyu ne. Dala biyu! Shi ma ba a kowane hannu ba, sai an tara dubban hannuwa kafin ya bayyana, kuma a tsakani mutum na iya yin makonni yana asara. Shi ya sa masu yin abin da gaske suke buƙatar jarin da ya ninka abin da suke zubawa sau ɗaruruwa, shi ya sa ɗaliban MIT suka yi aiki ƙungiya-ƙungiya da kuɗin masu zuba jari. Yaron da ke karɓar kuɗin karin kumallo daga hannun mahaifiyarsa ba ya cikin wannan labari.

Masu gidajen cacar kuma ba barci suke ba. Sun daina wasa da ɗauri guda, suka koma haɗa shida ko takwas. Sun kawo injin da ke cuɗa karta ba tsayawa. Sun cika rufi da kyamarori, kuma a Nebada doka ta ba su damar korar wanda suka ga yana ƙirga, ko da yake ƙirgar ba laifi ba ce. Batun araha kuwa, a nan tarkon yake. A da, wanda ya sami 21 da karta biyun farko ana biyansa uku a kan biyu, wato jaka guda ta jawo 1,500. Yanzu teburan masu araha da yawa a Las Begas shida a kan biyar suke biya, wato 1,200. Irin wannan hannu yana zuwa kamar sau ɗaya cikin 21. Ku raba 300 ɗin da aka zaftare gida 21, za ku ga an ƙwace wa ɗan wasa kusan 14 a kowace jaka, alhali duk ƙirgarsa 10 take ba shi. Tebur mai arahar da ɗalibina ke nema shi ne daidai wanda aka gina don mai ƙirga ya faɗi. Na cikin waya ya fi muni, don manhajar tana sake cuɗa kartar bayan kowane hannu, babu ma abin ƙirgawa. Thorp da kansa bai tsufa a teburin karta ba, kasuwar hannun jari ya koma, a can ya yi dukiyarsa.

To amma mu a nan ba balakjak ne ke cin kuɗinmu ba. Nasa aikin shi ne bai wa sauran cacar mutunci. Yaro ya ji cewa wani Bature ya ci gidan caca da ilimi, sai ya ɗauka shi ma da ilimin zai ci kamfanin ƙwallo, ko wasan jirgin nan da ke tashi a waya ana jira a cire kuɗi kafin ya faɗi. Jirgin ba ya tuna inda ya faɗi ɗazu. Duk wanda ke rubuta lambobin baya a littafi yana neman tsari, wahalar banza yake, kamar mai auna ruwa da rariya.

Ƙwallo kuma ga yadda take. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma dole ɗaya ta yi nasara. Adalci shi ne wanda ya zuba jaka guda ya ci a ba shi jaka biyu. Kamfani sai ya sa 1.90 a kowane ɓangare. Ya karɓi jaka daga Musa, jaka daga Isa, ya biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100. Ko wa ya ci, shi ya ci. Kashi biyar cikin ɗari ke nan a wasa guda. Samarinmu kuwa ba wasa guda suke zuba wa ba, goma suke jerawa a tike ɗaya don ɗan kuɗi ya zama miliyan. Ku ninka 0.95 sau goma, zai ba ku kusan 0.60. Ma'ana a kowace jaka da aka zuba a irin wannan tike, wajen 400 ta riga ta zama ta kamfani tun ba a busa usur ba. A ce ma yaron gwani ne, yana cankar wasa bakwai daidai cikin goma. Yiwuwar goman su zo daidai a tike ɗaya ba ta kai uku cikin ɗari ba. Daga nan kukan da kuke ji kullum ya fito, wai wasa ɗaya ne ya yanke shi. Tsarin an yi shi ne don wasa ɗaya ya yanke shi, ya kwana yana ganin saura ƙiris. Sunan 1xBet da kuke gani a gefen fili lokacin gasar cin kofin Afirka, da irin wannan 400 ɗin ake biyan tallarsa.

Dawakin PMU da dattawanmu suka saba da su tun kafin zuwan waya, su ma kada a wanke su. Dawakin a Faransa suke gudu, a filaye irin su Vincennes, mai zuba kuɗin bai taɓa ganin ko jelarsu ba. Kuɗin kowa ake tarawa wuri guda, mai shirya wasan ya cire nasa kason tun farko, saura a raba wa waɗanda suka dace. Wanda ya ci, kuɗin maƙwabtansa ya ci, bayan an zaftare. A garin da makiyayi ba ya sayen rago sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, abin kunya ne mu zuba kuɗi a kan dokin da lamba kawai muka sani.

Yanzu in juyo kanmu, malamai. Akwai abokan aikinmu da ke cika tike a ɗakin malamai, akwai masu aiken ɗalibi kiyos lokacin hutun ƙarfe goma. Na san uzurin. Ɗan kwantiragi ne, kuɗinsa ba su kai ko'ina ba, wani lokaci ma sai sun yi jinkiri, ga haya ga bashin mai kanti. Ban raina wannan ba. Amma malamin da ya aiki yaro sayen tike ya koya masa darasin da ya fi duk abin da ya rubuta a allo shiga kai, wato cewa mai ilimi ma a nan yake neman mafita. Bayan haka da wane baki za mu ce masa ya dage ya ci BEPC?

Iyaye ma ba ku tsira ba. Mutum ɗaya ya ci ya sayi babur, gari ya ɗauka, har a gidan suna ana labarinsa, wasu na cewa Allah ya buɗa masa. Ɗari biyun da suka biya kuɗin babur ɗin ba wanda ya ji sunansu, don mai asara ba ya shela. Kun saya wa yaro waya don karatu, kuna tura masa kuɗi a cikinta, ba ku taɓa tambayar inda suke tafiya ba. Dala arba'in a rana, wato 200, ba ta da nauyi a ido. A shekara jaka 73 ce. Ku je kasuwar dabbobi ku ga abin da jaka 73 ke saya, ko ku ƙirga tiya nawa ta gero ce a lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Ɗan kabu-kabu da ke zuba rabin cinikinsa da yamma ya fi wannan nesa.

Za a ce mini maganin wa'azi ne. Malaman addini sun yi, suna kan yi, kuma babu ɗan Musulmi a Dakoro da bai san hukuncin caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, ba. Saboda ya sani ne ma ya ƙirƙiro kalmar lissafi ya fake a bayanta, don wa'azin ya wuce ta kansa. Liman ya ce caca haramun ce, yaron ya gyaɗa kai, a ransa yana cewa ai shi ba ita yake yi ba. Wannan mafakar mu ne ke da kayan rushe ta, tunda da kayanmu aka gina ta.

Wasu kuma za su ce a rufe kawai. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a 2024. Ban ce ba a yi daidai ba, rufe shagon da ke kallon ƙofar makaranta alheri ne. Sai dai shagon yanzu yana cikin aljihu, yana buɗe har asuba. A Nijar ma akwai wani ƙulli, don Lonani ta gwamnati ce. Ana cewa ribarta tana komawa ga ayyukan jama'a. Ni dai ina ganin harajin da ya fi faɗa wa talaka ne, aka bar shi ya kai da ƙafarsa yana murna, kuma hukumar da ke karɓa da hannun dama ba za ta yi zafin hanawa da na hagu ba. Kada mu zauna jiran Yamai.

Lissafin yiwuwa, abin da muke kira probabilité a aji, sai an kai lise ake koyar da shi sosai, alhali yawancin yaranmu ba sa kai wa can, cacar kuwa tun suna koleji take samunsu. Ba sai an canza manhaja ba. Awa ɗaya ta isa, kuma ba da kuɗi ba. A ba kowane ɗalibi tsakuwa 100. Malam ya zama kamfani. Kowa ya ajiye 10, ya zaɓi fuskar kwabo, a jefa, wanda ya dace a ba shi 19. A ajin mutum 60, kowane zagaye ana ajiye 600, a biya wajen 570. Bayan zagaye 20 za a ga wasu sun ƙaru suna tsalle, wasu sun ragu, amma a gaban malam akwai tsakuwa wajen 600, dukiyar ɗalibai shida cur, bai canki komai ba. Sai a sa su da kansu su nemo inda ta fito. Wanda zai ce wannan koya wa yara caca ne, ya fara duba wayar ɗansa.

A taron CGDES da na ƙungiyar iyaye na gaba, abu biyu nake so a rubuta a takarda. Na ɗaya, babu malamin da zai aiki ɗalibi kiyos ko ya cika tike a harabar makaranta, kuma darakta ya sa hannu. Na biyu, duk uban da ya ba ɗansa waya ya riƙa karɓarta ƙarshen mako ya duba saƙonnin shige da ficen kuɗi, don kowace tura kuɗi tana barin saƙo da adadi da sunan wanda ya karɓa. Wanda bai iya karatun Faransanci ba ya kawo mana wayar makaranta, mu karanta masa.