Kama da Wane Ba Ta Wane: Direba da Gwajin Ƙwaya a Iyakar Bagudo

Babu mai hankalin da zai kare direban da ya yi tatul da tiramadol, sannan ya kwashi rayukan jama'a daga Bagudo zuwa Tsamiya ko Lolo. Saboda haka kiran da hukumar NDLEA ke yi tun zuwan Buba Marwa a 2021, cewa a riƙa gwada direbobi, abin yabo ne. Sai dai an yi gum a kan wata gaskiya: shi kansa gwajin yana kuskure.

Gwajin fitsari na nan-take kamanni yake bi, Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Likitoci sun daɗe da sanin cewa rifampicin da mai tarin fuka ke sha yana iya fitowa tamkar dangin kodin, efavirenz na masu ƙanjamau ya fito kamar tabar wiwi, pseudoephedrine da ke cikin maganin mura kuma ya yi kama da amfetamin. Direban da mura ta kama a Segbana, ya sayi maganin da aka rubuta kwalinsa da Faransanci, ta yaya zai san abin da ya haɗiya? Idan aka hukunta shi a kan layin da ya bayyana a jikin tsinken gwaji, an raba shi da motarsa, an hana iyalinsa abinci, an kuma liƙa masa sunan ɗan ƙwaya a tasha.

Doka ba ta yarda da wannan ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, ya kuma ba shi damar ɗaukar lauya. Mai tuhuma ne zai kawo hujja, kuma tsinken gwaji zato kawai yake bayarwa.

Don haka wajibi ne a raba fitsarin gida biyu, a rufe shi a gaban mai shi da shaida, a aika ɗaya ɗakin bincike a tantance da na'urar GC-MS kafin a yanke komai. A rubuta magungunan da ya sha tun kafin gwaji, a karɓi katin asibitinsa. Ƙungiyar NURTW kuma ta koya wa 'ya'yanta adana kwalin magani da takardar likita, ta tanadar musu lauya.

Masu cewa wannan zai jawo jinkiri su tuna: jinkirin mako guda ya fi sauƙi a kan ɗaure marar laifi. A kama mashayi, amma da hujja.