Tsohon keken ƙarfe: abin hawan da matasa suka raina, alhali shi ne daidai aljihunsu

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, burin matashi da zarar ya fara samun ƴan kuɗi shi ne moto. Wanda bai da halin saye yakan ci bashi, ko ya ƙare albashinsa a kabu-kabu. Keke kuwa an bar wa ƴan makaranta da masu gadi, har hawansa ya zama kamar shelar talauci. Wannan tunani yana jawo wa matasa asarar kuɗi, domin akwai abin hawa mai sauri da ƙarko da ake iya haɗawa da kuɗi kaɗan: tsohon keken tsere na ƙarfe, irin wanda masana'antun Faransa, Italiya, Ingila da Japan suka ƙera da yawa a shekarun 1970 da 1980.

Lissafin ba shi da wuya. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar man fetur zuwa sefa 499. Mai moton da ke shan lita ɗaya kullum, kwana 26 a wata, yana kashe kusan jaka 13 a mai kaɗai, ban da baƙin mai, takardu da gyara. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan albashi yana tafiya a tanki. Ƙarancin man da aka yi fama da shi a farkon 2025, lokacin da layuka suka yi tsawo a gidajen mai, ya nuna cewa ko mai kuɗin ma yana iya kwana ba abin hawa. Mai keke bai shiga wannan layi ba.

Tambayar ita ce me ya sa tsoho, kuma me ya sa na ƙarfe. Kekunan nan an yi su ne a zamanin da ƙarfe ke mulkin tseren keke. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da bututun ƙarfensa mai lamba 531 a 1935, kuma shekaru da dama shi ne abin da manyan ƴan tsere ke hawa. Kamfanin Peugeot, wanda ya fara ƙera keke tun 1882, da irin wannan ƙarfe ya yi kekensa PX-10, kuma a kan keken Peugeot ne Bernard Thévenet ya lashe gasar Tour de France a 1975 da 1977. Har farkon shekarun 1990 akan ci wannan gasa da keken ƙarfe. Kyakkyawan keken tsere na lokacin nauyinsa kilo 10 zuwa 11 ne, kusan rabin nauyin baƙin keken nan na ɗaukar kaya da aka sani a karkara.

Fifikon ƙarfe a ƙasa irin Nijar shi ne gyaruwa. Idan firam ɗin ƙarfe ya lanƙwashe kaɗan ana miƙe shi, idan ya tsage mai walda na unguwa yana iya ɗinke shi. Na alminiyam sai da injin walda na musamman, kuma ɗinkin yakan raunana shi. Na kabon, irin na ƴan tseren yanzu, idan ya fashe babu mai gyaransa a kasuwar Katako ko a babbar kasuwar Maraɗi. Haka sauran kayan tsohon keke: giyarsa waya ce da ɗan hannu da ake ja, boris ɗinsa ƙwayoyi ne da ake wankewa da kananzir a sa sabon giris. Duk mai gyaran keke da ke zaune a gindin bishiya ya san wannan aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sabon keke mai arha, mai fenti mai ƙyalli da sifirin gaba da baya, shi ne tarkon da ya fi kama matasa. Nauyinsa ya yi yawa, sifirin ɗin ado ne kawai, birkinsa na siririn ƙarfe ne mai lanƙwashewa, giyarsa kuma ba ta daɗewa take rikicewa. Tsohon keken da ya shekara 40 yana aiki ya riga ya ba da shaidar ingancinsa.

Sai dai araha tana da sharaɗi, kuma a nan ne masu zumuɗi ke tafka asara. Sharaɗi na farko shi ne a sayi cikakken keke, ko da ya yi tsatsa, maimakon firam tsirara. Wanda ya sayi firam kaɗai sai ya nemi wili biyu, birki, giya, feda, sirdi da kan keke ɗaya bayan ɗaya, kuma jimillar kuɗinsu takan zarce kuɗin cikakken keke nesa ba kusa ba. Tsohon keken da komai nasa ke jiki, yawanci wanki da giris ne kawai ke tsakaninsa da titi.

Na biyu shi ne duba firam kafin a biya. Idan fenti ya tattare ko ƙarfe ya yi ƙulli a ƙarƙashin bututun da ke bayan wuyan keke, alama ce ta cewa an taɓa yin karo da shi ta gaba, sai a bar shi. Haka idan ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke riƙe da tayar gaba ya koma baya. Tsatsar da ke saman fenti ba matsala ba ce, amma wadda ta huda ƙarfe kusa da wurin feda ta gama da keken. A kwance notin sirdi a gwada ɗaga shi: idan sandar ta manne da firam, cire ta na iya cin kwanaki, wani lokaci ma ba ta fita. A kuma tabbatar keken daidai tsawon mai shi yake, domin ana canza komai a keke ban da girman firam.

Na uku shi ne sanin ma'auni, musamman ga kekunan Faransa irin su Peugeot, Motobécane, Gitane da Mercier da aka ƙera kafin farkon shekarun 1980. Faransawa suna da zarensu dabam. Gidan boris na tsakiya, inda sandar feda ke juyawa, faɗinsa milimita 35 ne a tsarin Faransa, na Italiya 36, na Ingila kuma wanda duniya ta koma bi yau ya ɗan gaza 35, sannan zaren ɓangaren sarƙa a tsarin Ingila juyin hagu ne. Sandar da ke riƙe kan keke milimita 22 ce a Faransa, a sauran wurare 22.2. Zaren feda ma ya bambanta. Mai gyaran da bai san wannan ba, ya ɗauko sabon kaya ya ɗaura da ƙarfin tsiya, ya cinye zaren ke nan, firam ya tashi aiki. Saboda haka tsoffin kayan keken Faransa ba abin zubarwa ba ne. Wanda ke da zaɓi, keken Japan ko na Ingila na shekarun 1980 ya fi sauƙin samun kayan gyara.

Taya ma haka take. Akwai wili mai faɗin milimita 622 da ake kira 700C, akwai mai 630 da ake kira inci 27, akwai kuma mai 635 na manyan baƙaƙen kekuna. A ido kusan ɗaya suke, amma tayar wani ba ta shiga wani. Lambar tana rubuce a gefen tsohuwar tayar, a karanta kafin a je kasuwa.

Kuɗin da aka ware don gyara, a zuba shi inda rai ke rataye: sabbin tayoyi da tub, robar birki, wayoyin birki da giya, sai sarƙa. Robar birkin da ta shekara 30 ta bushe kamar dutse. Wilin ƙarfe mai ƙyalli ba ya kama birki idan ya jiƙe da ruwan damina, don haka idan akwai canji ɗaya mai tsada da ya cancanta, shi ne komawa wilin alminiyam. Sabon fenti da sitika su jira.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Keken tsere an yi shi ne don kwalta, unguwanni da yawa kuwa rairayi ne, ga tsidau mai huda taya. Maganin wannan shi ne a bar siririyar taya mai milimita 23 a sa mai 28 ko 32, wadda yawancin tsoffin firam ke ɗauka. Duk da haka, wanda gidansa da wurin aikinsa duk cikin yashi suke, keken hawan dutse mai faffaɗar taya ya fi masa. Zafin Afrilu da Mayu ma gaskiya ne, tuƙa keke da tsakar rana a lokacin wahala ce. Amma zuwa aiki da sassafe da dawowa bayan la'asar abu ne mai yiwuwa, kuma Wagadugu, inda zafin bai gaza na Yamai sosai ba, cike take da maza da mata a kan keke. Burkina Faso tana shirya gasar Tour du Faso tun 1987, kuma a can hawan keke ba ya rage wa kowa daraja. A ƙasar Hausa ma an yi zamanin da mallakar Raleigh ke sa a ce saurayi ya kai.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce hatsari. Mai keke a manyan titunan birni yana tsakanin tasi, adaidaita da manyan motoci, ba shi da kariya. Wannan nauyi ne a kan ma'aikatun magajin gari: duk sabon titin da za a shimfiɗa ya kamata a ware gefen masu ƙafa biyu, kamar yadda aka yi a wasu manyan titunan Wagadugu, a kuma tanadi wurin ɗaure keke a makarantu, jami'o'i da kasuwanni. Shi ma mai keke ya sa fitila gaba da baya da hular kwano.

Ƴan Nijar mazauna Turai suna da rawar takawa ta fuska biyu. Ga ɗalibi ko ma'aikaci a Faransa ko Beljiyam, tsohon keke hanya ce ta rage kuɗin sufuri. Ana samunsa a shagunan Emmaüs, a shafin Leboncoin, da wuraren gyara na ƙungiyoyi inda ake ba mutum kayan aiki a koya masa ya gyara da hannunsa. Sai dai a kula: mafi ingancin kekunan sun yi tsada tun da tsofaffin kekuna suka zama abin yayi. Taron L'Eroica da ake yi a Italiya tun 1997, wanda ake hawa da kekunan 1987 zuwa baya, yana cikin abin da ya ɗaga darajarsu. Mai neman abin hawa ba ya buƙatar Colnago. Matsakaicin keke marar suna ya wadatar. A kuma guji keken da aka tallata a bakin titi da farashin da hankali ba ya ɗauka. A dokar Faransa, riƙe kayan sata laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin shekara 5, kuma tun 2021 ana buga wa sabbin kekuna lambar shaida da ke nuna mai su. Baƙon da ke jiran sabunta takardunsa bai kamata ya jefa kansa cikin wannan ba saboda Yuro 30.

Fuska ta biyu ita ce abin da ake aikowa gida. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, kuɗin dako ya ƙaru. Bai dace a biya wannan kuɗi a kan keken da firam ɗinsa ya riga ya mutu ba. Wanda zai aiko wa ƙaninsa keke ya duba shi da kyau, ya haɗa da tayoyi biyu, robar birki da ƴan makullan da ake kwance boris da giya da su. Waɗannan makullai, a hannun matashi mai son koyo, jarin sana'a ne.

Da kuɗin man wata uku ko huɗu da aka lissafa a sama, matashi na iya tara abin da zai fara neman tsohon keke da shi ya gyara, daga nan kuma abin da ya rage masa faci ne da giris. Abin da ke hana da yawa gwadawa shi ne tsoron abin da abokai za su ce a fada. Masu dariyar kuwa ba su ne za su biya bashin moto ba idan wata ya ƙare.